Rasuwar Ɗan Maƙale, Maganaɗisun Ɗakin Gwajinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babin bincike guda da ya tashi a banza, nake sanar da abokan aiki rasuwar Ɗan Maƙale, maganaɗisun ɗakin gwajinmu, bayan gajeriyar jinyar da ba wanda ya san yana yi.

Marigayin bai wuce girman sabulu ba, amma bai taɓa ganin ƙarfe ya kau da kai ba. Shi ne ke ware mana ƙwayoyin tsatsar ƙarfe, 'yan mitsi-mitsin nan da ido ba ya iya ganin guda ɗaya. Ka jingina shi a jikin kwalba, sai ka ga baƙin ruwa ya washe, garin tsatsar ya taru a gefensa kamar yara sun ga mai alewa. Ba ya neman wuta, ba ya neman gyara. Maganarsa ɗaya ce a duniya, "ƙas!", in ya cafki ƙarfe, ko yatsan wani ya shiga tsakani.

Ajalinsa ya zo ranar da Farfesa ya kawo baƙi, ya naɗe hannun riga don su ga har yanzu hannunsa bai mutu ba. Ya ɗauki tiren ƙarfe ya tura cikin tandar gasa sinadarai, bai leƙa ƙarƙashi ba. Ashe marigayin na can a manne, kamar yadda ya saba. Abin takaici, Farfesan nan shi ya koya mana cewa zafi mai yawa yana kashe maganaɗisu, har ya kayar da ɗalibai a kan haka.

Da aka share tanda, wani ya tsince shi ya mayar kan tebur, jikinsa ɗan duhu kawai ya yi. Ni kuwa na ci gaba da jingina shi a kwalabe, sabbin ƙwayoyina suka ƙi motsi. Wayyo ni! Sai na ɗauka na gano tsatsar da ba ta jin kiran maganaɗisu. Na rubuta babi na huɗu na digirina a kai. Farfesa ya karanta, ya dafa kafaɗata, ya sa sunansa a gaba, ya je taro ya ba da labari har aka tafa masa.

Jiya na ɗora marigayin a ƙofar kabad ɗin ƙarfe, ya sulale ya faɗo ƙasa tim. Na kara masa allura, ko kallonta bai yi ba. Na ari maganaɗisu a ɗakin maƙwabta, ƙwayoyin nawa suka rugo a guje, marasa kunya. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Ya rasu ya bar kwalabe cike da baƙin ruwa, da katunan banki da ya goge, da baƙin farcen mai kula da kayan aiki, da ni marayansa, wanda zai tsaya gaban masu jarrabawa watan gobe.

Za a kai shi makwanci a durowar ƙasa, tare da babi na huɗu. Masu zuwa gaisuwa ba sai sun cire agogo ba. Ba a sa lokaci ba tukuna, domin Farfesa ne ya kamata ya jagoranci rakiya, kuma har yanzu ana neman mai ƙarfin halin da zai shiga ofishinsa ya faɗa masa. Ni dai ina cikin makoki, ba zan iya ba.