Uwar da Na Sayo a Katsina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Batsari ba za su bari ba.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare, irin masu tsananin nan da in ɗalibi ya ce mini "sori sa" sai ya yi tsallen kwaɗo. Komai sai na nemo masa sunan Hausa. Sai Allah ya jarrabe ni da son haɗa kwamfuta da hannuna, bayan na sha kallon masu haɗawa a waya har na ɗauka na ƙware. Kayan cikinta duk na raɗa musu suna. Furosesa ta zama ƙwaƙwalwa. Madabod kuwa, wato faffaɗan allon nan da komai ke hawa kansa, na ce ai fassararsa a fili take: uwa. (Har alfahari na yi da wannan fassara a ɗakin malamai, Allah ya yafe mini.)

Na tara komai saura uwar, aljihu kuma ya ce ya gaji. To a bayan ɗakina akwai ragon Inna, mahaifiyata, wanda ta aiko daga Safana in kiwata mata don layya. Na kalli rago, rago ya kalle ni. Na ce a raina, ai kafin Sallah na fara buga wa mutane takardu, na sayi wanda ya fi shi ƙiba, Inna ba za ta taɓa sani ba. Ranar kasuwa rago ya tafi.

A Katsina mai shagon kayan kwamfuta ya so ya cece ni. Ya ce, "Malam, wace irin furosesa gare ka? Ba kowacce ke zama a kan wannan ba fa." Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan wata madabod mai jan zane, kyakkyawa da ita. Na gyara zaman hula na ce, "Kai dai naɗe mini, na san abin da nake yi."

Washegari da safe na zauna aiki. Ƙwaƙwalwa ta ƙi zama a kan uwa. Na juya ta, ta ƙi. Na sa babban yatsa na danna da ƙarfi, sai na ji ƙas! Da na ɗaga, ƙananan alluran wurin duk sun kwanta kamar geron da shanu suka bi ta kai. Duk da haka na jona wuta na danna, shiru. Sai ragon Inna ya faɗo mini a rai.

Na fita zaure, inda sabis ke kamawa, na kira abokina Bishir da ya raka ni shagon. Ban lura ba ashe mai gidan da nake haya, Baba Sule mahauci, yana bakin ƙofa yana wasa wuƙa. Na ce, "Bishir, uwar tawa ta mutu. Wallahi ta mutu! Jiya-jiya na dawo da ita daga Katsina lafiya lau, yau ga ta can kwance a ɗaki, ko motsi."

Na kashe wayar gaba ɗaya, na koma ɗaki na sa sakata na kwanta. Can sai na ji an ƙwanƙwasa a hankali.

"Malam, sai haƙuri," in ji Baba Sule ta bayan ƙofa. "Yaushe abin ya faru?"

"Yanzun nan, Baba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka kwanta ka huta, mu za mu yi komai."

Har daɗi na ji, na ce kai, ashe tsohon nan ya san darajar kwamfuta. Ban tambayi mene ne "komai" ɗin ba. Barcin baƙin ciki ya kwashe ni.

Wajen azahar hayaniya ta tashe ni. Ina leƙowa waje na ga tabarmi an shimfiɗa har bakin titi. Ga Liman, ga shugaban makarantarmu da malamai, kowa ya sunkuyar da kai. Ga makara jingine da bango. Baba Sule ya kama hannuna ya ce, "An gama kabari. Mata sun ɗora ruwa, kai suke jira ka buɗe ɗakin su yi mata wanka."

Na ce, "Wa za a yi wa wanka?"

Kafin ya amsa, wani babur ya tsaya. Kawuna ne, ƙanen Inna, a bayansa kuma Inna ce da kanta. Ashe Baba Sule ya buga wa Kawu waya a Safana, shi kuma ya ruga gida yana kuka don ya sanar da mata, ya tarar da mamaciyar tana ɓarar gyaɗa. Ya so ya kira ya ce ƙarya ne, ta ƙwace wayar ta ce a kai ta ta gani da idonta.

Jama'a! Ana ganin mamaciya a kan babur, wuri ya watse da gudu. Wani malamin lissafi sai da yamma ya dawo neman takalminsa. Inna kuwa ta sauko a natse, ta gyara mayafi, ta dubi waɗanda suka rage ta ce, "Sannunku da zuwa. Ya muka ji da haƙuri?" Sannan ta juyo gare ni: "Kai, fito mini da gawar."

Na shiga na ɗauko ta a kwalinta, na durƙusa na ajiye a gaban Liman. Ina bayani ina in-ina, shi kuma ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

"Wannan ce uwar taka?" in ji Inna.

"Fassara ce, Inna."

"Da me ka sayo ta?" Ba ta jira amsa ba, ta leƙa bayan ɗaki ta ga turke babu kowa. "Ina ragona?"

Na nuna kwalin. "Shi ne wannan ɗin, Inna."

Ta juya ga Baba Sule ta ce, "Malam Sule, ka ce an gama kabarin? To a bar shi a buɗe zuwa Sallah. In ragona bai dawo ba, akwai mai shiga."

Dariyar da aka yi ba ta yi mini ciwo ba kamar abin da ta faɗa da za ta hau babur, a hankali, ni kaɗai na ji: "An ce tun safe ko ruwa ba ka sha ba saboda wannan faranti. Allah ya sa ranar tawa ka yi ko rabin haka." Wallahi sai da na yi hawaye na gaske.

Babur ɗina na sayar na mayar mata da rago, yanzu a ƙasa nake zuwa makaranta ina amsa gaisuwar "Maraya, an tashi lafiya?" Na koyi cewa akwai kalmomin da ya kamata a bar wa Bature abinsa, kuma dabbar da aka ba ka kiwo ba taka ba ce. Madabod sunanta madabod. Uwa ɗaya gare ni, tana Safana, kuma ba ta mantuwa.