Ranar da Na Kama Gemun Baban Hajara

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na shiga dubiya gidan su Hajara ina saurayinta, na fito ina gwauron gobe. Lokacin ban daɗe da dawowa Birnin Gwari daga jami'a ba, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare, kaina kuwa ya kumbura har hula ba ta zama. Maganarmu da Hajara ta yi nisa, jira kawai nake mahaifinta, Malam Idi, ya ce in turo magabatana.

Sai tsautsayi ya gitta. Yana gona wajen Dogon Dawa aka ce mutanen daji sun fito, ya figi babur, ya faɗi, ƙwaurinsa ya karye. Maɗori ya ɗora shi aka dawo da shi gida.

Kowa ya san yadda saurayi ke duba suruki. Ka durƙusa daga nesa, ka sunkuyar da kai, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka ajiye lemonka ka sulale. Abokina Sabo, da ya raka ni, sai da ya maimaita mini wannan a hanya. Na ce masa ni ba yaro ba ne (yaro ai da ya ji magana).

Muka tarar da zaure cike da dattawa. Ana cikin jajantawa wani tsoho ya ce shi abin da ke ba shi mamaki, jikansa ya karya muƙamuƙi ya warke nan da nan, amma ƙafa sai ta yi ta jan rai. Ba ni ya tambaya ba, hasali ma ba wanda ya tambaya. Amma ina, an sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

Na gyara zama na buɗe aji. Na ce a jikin kowane ƙashi akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke haifo sabo idan ya karye, kuma tun mutum yana cikin ciki asalin na fuska daban, na ƙafa daban. Na ce an gwada a jikin ɓeraye: in aka ɗebo na muƙamuƙi aka dasa a ƙafa sai su yi ƙashi sumul, amma na ƙafa in an kai su muƙamuƙi sai su ɓige da yin guringuntsi. Sabo yana ta zungurina (ni kuwa na ɗauka jinjina ce).

To, ni a aji ba na bayani sai da misali a jikin ɗalibi. Ban san sa'ad da na rarrafa gaban mara lafiya ba. Na kama muƙamuƙinsa, gemu da komai, ɗaya hannun yana nuna ƙafar da ke naɗe da kara.

"Misali, Baba, da za a ɗan gutsuro daga nan a kai can..."

Malam Idi bai ture hannuna ba, da ma turewar ya yi. Ya dube ni a natse ya ce, "Malam, in ka gama da ɓeran, ka sakar masa gemu, zai yi alwala."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sabo ya ja hannuna muka yi bakin titi.

Washegari Hajara ta kira, ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a unguwa. Na fara cewa ai bayanin daidai ne, sai ta kashe wayar. Daga baya saƙo ya iso wa kawuna cewa yaron akwai ilimi, Allah ya haɗa shi da rabonsa a gaba. Ina son Hajara ƙwarai, kuma abin ya yi mini ciwon da ban gaya wa kowa ba.

Ƙafar Malam Idi ta warke ba tare da an gutsuri komai ba, da ita ya taka zuwa masallaci ya ba da auren Hajara ga wani mai sayar da taki. Ni kuwa har yau in na je dubiya, a kan hannuwana nake zama.