Dokar Aro a Bikin Hajo

Har ƙasa ta rufe idona ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Hajo a Bunguɗu ba, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ne, ko "waccan". Ba ta yaba ni, ba ta hira da ni a gaban mutane. Amma idan ranar kitso ta zo, sai ta miƙe ƙafa a gindin durumin tsakar gida, in ɗora kai a cinyarta. Ta wanke gashin da karkashi, ta shafe shi da man shanu, tana tsefewa a hankali kamar ba ta son a gama. Duk abin da kunya ta hana bakinta faɗi, a yatsunta nake jin sa. Gashi kuwa Allah ya ba ni, har ina taƙama da shi (abin taƙamar ke nan, don a tuƙin tuwo ba a taɓa yabona ba).

Aka kai ni aure Tsafe. Na zo gida na haifi ɗana na fari, na gama wankan jego, Inna ta yi mini doka mai tsayi, na koma. Ba a daɗe ba gashi ya fara bin matsefi. Gaban goshi ya ja baya, gefe da gefe suka yi fili. Wata maƙwabciya ta ce toka da kanwa, na shafa. Wata ta ce a riƙa matse kitson sosai don ya riƙe saiwar, na sa aka ja har girata ta ɗage. Abin da ya rage ma ya kakkarye. Gashin da ake binnewa idan ya zuba, ni na ƙi binne nawa, na tara shi a wani ɗan gora.

Sau da yawa Inna ta aiko da 'yan kasuwa cewa a turo mata "waccan" ta ga yaro. Kullum da uzurina: damina, ciwon ƙafa, jaki ya gurgunce. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Idan babu gashi, me zai sa in sake ɗora kai a cinyar Inna?

Bikin Hajo dai ba ya ƙiyuwa. Da muka yada zango a Gusau na nemi wata mai kitso, na zazzage mata goran. Ta naɗe tsumma, ta lulluɓe shi da tsohon gashina, ta ɗaure shi da 'yan silin da suka rage a kaina, ta cika shi da shuni da mai. Na leƙa cikin ƙwaryar ruwa na ga doka ta fi ta da. Har na ji haushin kaina da ban yi dabarar nan tuntuni ba.

Ranar sa lalle gidanmu ya cika da mata, ana kiɗan ƙwarya. Babu wanda ya ce in cire kallabi, ni na cire da hannuna don a gani. Aka kuwa gani, ana ta yabawa, ina sunkuyar da kai irin na mai kunya. Na durƙusa gaban gwaggonnin ango zan gaishe su, goyo a bayana. Yaron nan da ko kallonsa ba na yi a cikin mutane, ya miƙo hannu ya damƙi dokar. Na ji wata iska mai sanyi a tsakar kaina.

Kiɗa ya tsaya. Na waiga, ga dokata a hannunsa yana tsotsa, bakinsa ya yi baƙi da shuni, tsumman yana reto (tsohon zanen uwar mijin mai kitson ne, har da faci). Ba ni da damar kiran sunansa, balle in yi masa faɗa. Wata gwaggo ta ce, "Ikon Allah, yau ga kai ya haihu." Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har garin Furfuri.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta taso daga bakin murhu ta ce, "Ke, taho nan."

Ta kai ni gindin durumi ta miƙe ƙafa. Na kwanta ina kuka, ita kuwa tana bin fatar kaina da yatsa.

"Wanga ne yah hana ki zakkuwa gida?" in ji ta. "Zubar jego ce, kowace mace tana yin ta. Gashi shina hutawa, ya faɗi, wani ya tsiro daga saiwa. Ga ƙananan nan sun hudo, taɓa ki ji. Wa yac ce ki matse shi? Jan nan shi ka kashe shi. Ki bar toka, ki sha nono, ki sa mai, ki ƙyale shi."

Babu abin kitsawa a kan, amma ta daɗe tana shafawa. Can ta ce a hankali, "Ni da niz zaci kin manta hanya."

Kafin kaka ta zagayo gashin ya dawo, yadda ta faɗa. Inna ce ba ta gan shi ba, zazzaɓi ya ɗauke ta a tsakiyar damina. Watannin da na ɓata a Tsafe ina gadin gora, su nake nema har gobe.

Yanzu tsufa ya kwashe gashin gaba ɗaya, babu kuma mai dariya. Jikokina idan sun zo kitso nakan ce musu abu biyu: kada a matse, kuma mai dokar aro ta sauke goyo kafin ta durƙusa. Akwai na uku, shi ne ya fi mini wuyar faɗi. Idan uwa ta aiko, a tafi, ko da kan ƙwal yake.