Ranar da Na Yi Shara da Turanci

A ajinmu na manya masu koyon Turanci, malama ta ce kowa ya tashi ya faɗi abin da yake yi kullum. Na miƙe ina gyara hula kamar mai karanta labarai. Sana'ata tuƙin mota ce zuwa Dirin Daji, amma kalmomi uku kaɗai suka zauna mini a kai: shara, girki, wanki. Sai na zuba su, wai kullum ina yi. Aji ya ɗauki tafi. Malama har ta ce sauran maza su yi koyi da ni.

Na manta Madam Ngozi, mai shagon da matata ke sayen sabulu a ciki, tana zaune a bayana.

Washegari matata ta miƙo mini tsintsiya.

"Maigida, an ce kullum kake yi. Fara, kana faɗi da Turancin, ya fi zama."

Abin haushi, ya zauna ɗin, har na ci jarrabawa. Amma har yau in na shiga tasha, sai direbobi su ɗaga ƙafafunsu: "Bature, nan ma akwai datti!"