Ranar Damben Turawa

Har in bar duniya ba na jin zan manta da walimar auren abokina Nasiru a Bodinga. Ba don daɗin shinkafar ba (ko da yake ta yi daɗi), sai don abin da bakina ya jawo mini a gaban mutane.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni malami ne a wata ƙaramar sakandare can wajen Kajiji, kuma tun ina yaro nake da son jin labarin Ingila. Ban taɓa zuwa ba. Iyakar tafiyata Kaduna ce, ita ma kwas aka tura mu. Amma duk abin da na tsinta a tsofaffin littattafan Turanci, ko a rediyo, ko a waya, sai in adana shi a kai. Na san sau biyu a shekara suke matsar da agogonsu da awa guda. Na san ko su biyu ne a tasha sai sun yi layi. Na san akwai ranar da mata ke tsere riƙe da kaskon suya. Abokan aikina har suna suka laƙaba mini, Malam Landan, ni kuwa ina amsawa da fara'a kamar can aka yanke mini cibiya.

Auren ya faɗo ranar ashirin da shida ga Disamba. Bayan an shafa fatiha muka zauna kan tabarmi a rumfar ƙofar gida, aka fara fito da farantai. Sai Alhaji Bello, wani manomin albasa daga Lambara, ya kawo ƙorafi.

"Jiya an ce Kirsimeti, mun ji. To yau kuma mi aka yi? Na tahi sakatariya da sahe, na iske ƙofa kulle."

Wani ya ce, "Ga Malam Landan nan zaune, a tambaye shi mana."

Na gyara zama, na ture farantina gefe. Na ce a kalanda an rubuta wa ranar Boxing Day, kuma kowa ya san boxing dambe ne. Saboda haka yau ranar damben Turawa ce, mu kuma mun gaji hutun daga wurinsu. (Gaskiyar magana, ban taɓa karanta wannan a ko'ina ba. Ni na haɗa shi da kaina shekarun baya, ya zauna mini daidai, har na manta cewa ni na ƙirƙira.)

Da na tsaya nan, da wataƙila na tsira. Amma na ga idanu sun dawo kaina, daɗi ya kwashe ni. Na ce bayan sun cika ciki da abincin Kirsimeti, ga sanyi, sai kowane ƙauye ya fito da gwaninsa fili, kamar dai yadda ake yi a nan bayan an gama girbin gero. Na ce har Sarkinsu yakan leƙo.

Akwai wani dattijo a gefen tabarmar, cikin farar riga da ta sha wanki, da silifas ɗinsa ajiye kusa da shi. Tun da muka zauna bai ce uffan ba. Sai ya ɗago kai.

"Malam, hannu guda suke naɗewa ko biyu?"

"Biyu, Baba."

"Cikin wanga sanyi nasu, su tuɓe riga?"

"Ai Bature ba ya jin sanyi, Baba. Ya saba."

"Ikon Allah. Da kalangu?"

"A'a, badujala ake yi musu."

Ya jinjina kai a hankali, kamar mai ɗaukar karatu. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Shekara ashirin da biyu na yi zaune ƙasar, ban taɓa dacewa da wanga dambe ba."

Na kusa da ni ya raɗa mini cewa ai Dakta Usman ne, kawun ango, a wani asibiti ya yi aiki can, da ya yi ritaya ya dawo Shagari yana noma. Na dubi silifas ɗin nan, na dubi rigar.

Abin da ya fi ƙona ni, bai yi mini dariya ba. Cikin natsuwa ya bayyana cewa sunan daga box, wato akwati, ya samo asali, ba daga naushi ba. A da can, barorin gidajen masu hali sukan yi aiki ranar Kirsimeti, sai washegari a sallame su su gano iyalansu, a ba kowa ɗan akwati na kyauta. Wasu kuma sun ce akwatin sadaka na coci ake buɗewa ranar a raba wa mabukata.

Ya kamata in yi shiru in nutse cikin tabarma. Amma halin mutum! Sai kawai na ji bakina ya ce, "To Baba, yanzu me suke yi ranar?"

Nan ne ya yi murmushi. Ya ce kallon ƙwallo, da cin sauran naman talotalo na jiya, da tururuwa zuwa kantuna don an karya farashi. Ya ce akwai ma waɗanda kan ruga su faɗa teku cikin wannan sanyi, don nishaɗi kawai, ya gani da idonsa. Na buɗe baki ina saurare, na kusa manta halin da nake ciki, sai Alhaji Bello ya tuna mini.

"To Malam, ai ba ka yi ƙarya duka ba. An yi damben yau, kuma mun ga wanda ya sha ƙasa."

Rumfar ta kece da dariya, har da ango. Ni ma na yi, irin wadda haƙora kawai ke yi.

Sauran aikin yana makaranta, don shekara shida ina koya wa ɗalibai wannan dambe. Da aka koma hutu na tsaya gaban aji na warware maganar. Wata ɗaliba, Hadiza, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yayana dambe ya rubuta a jarrabawa, ka ba shi maki cike. Ni kuma in na rubuta akwati fa?" Na ce ita ma cike, mu ci gaba da darasi.

Yanzu duk Asabar ɗin da na samu sarari nakan hau babur in je gonar Dakta a Shagari da tambayoyina, shi kuma ba ya gajiya. Na koyi cewa "ban sani ba" ba ta kashe malami. Kuma kafin in buɗe baki a taro, sai na fara tambayar ko wane ne tsohon da ya yi shiru.