Rasuwar Apa ta Tukunya ta Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Injiniya Sagindik Utepov, mai kula da tukunya ta biyu a masana'antar gas da ke bayan garin Atyrau, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Apa ("Inna" ke nan da harshensu), wato ƙwayoyin filatinom, ƙarfen nan mai ɗan karen tsada, da ke aiki a tukunyarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar da kowa ya gani, kowa kuma ya kau da kai.

Marigayiya ba ta da girman jiki, kowace ƙwaya ba ta fi ta gero ba, amma ita ke ciyar da mu duka. Iskar furofen ta bi ta kanta cikin zafin da ke narka dalma, ita kuwa ta juya ta zuwa iskar da ake yin roba da ita, ba ta taɓa cin komai a ciki ba. Muryarta ɗaya ce, wani "shuuu" mai laushi da Sagindik ya sani fiye da muryar 'ya'yansa. Abu guda take roƙo. Aikin yakan bar mata baƙin gawayi a jiki, ya toshe mata kafofin numfashi, sai a riƙa ɗauke mata aiki ana ƙone shi a hankali da iska mai zafi, ta dawo fes.

Cutar ajalinta a kan teburin cin abinci ta samo asali. Ranar walimar Nauriz, bikin sabuwar shekararsu, aka miƙa dafaffen kan rago ga shugaban masana'anta, Bakitjan-aga (aga laƙabin girmama babba ne), wanda kuma kawun matar Sagindik ne. Ya yanko kunne ya ba Sagindik, yadda manya kan ba na ƙasa da su don su zama masu jin magana.

"Ci, surukina. Wannan watan ba hutu, masu saye sun tsaya mana a wuya. In Apa ta yi nauyi, ƙara mata wuta."

"Aga, ai gawayin zai..."

"Kunne na ba ka ko baki?"

Aka kwashe da dariya. Wa zai musa wa babba da kunnen rago a bakinsa? Sagindik ya tauna guringuntsi, ya haɗiye, ya ce to.

Ya ƙara wutar, alhali ya san wuta ce ke haifar da gawayin. Apa ta ɗan farfaɗo, irin sauƙin nan na ban kwana. Daga nan "shuuu" ya koma huci, hucin ya koma gurnani. Da aka ga ba sarki sai Allah aka tashi ƙone gawayin, ashe ya yi kauri, ya kama ci bal-bal, filatinom ɗin ya dunƙule. Wanda ya dunƙule kuwa ba ya warwaruwa.

Ta rasu ta bar tukwane 'yan'uwanta, waɗanda su ma sun fara irin tarinta. Ta bar ma'aikata suna zaune suna kallon bututu. Ta kuma bar Sagindik, wanda hannunsa ne ya ƙara wutar, da 'ya'yansa mata biyu a jami'a. Kwamitin bincike zai zauna bayan sadaka don ya san wanda za a kora, kuma Bakitjan-aga ne zai shugabance shi. Matar Sagindik, Meiramgul, ta riga ta ja masa kunne: "Ka yi shiru, kawu zai sama maka wani wurin. Ka buɗe baki, wallahi ba aiki, ba dangi." Tsoro yake ji. Amma gurnanin sauran tukwanen ya ƙi barin kunnensa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis, in Allah ya kai mu. Za a zuba gawar cikin ganguna a rufe, a kai ta wurin masu narkawa su ciro filatinom, don ko a mace ba a barin ta ba mai gadi. Sadaka a ɗakin cin abincin ma'aikata bayan azahar, da naman doki da shayi mai madara. Za a miƙa kan rago ga Bakitjan-aga kamar yadda aka saba. Ana roƙon duk wanda ya halarci waccan walimar ya zo da wuri ya zauna kusa, domin da zarar aga ya ɗauki wuƙa, Sagindik zai miƙe ya ce kunne ya ci, ya ishe shi, wannan karon a yanko masa harshen.