Kawu Mai Famfo da Kwallar Naman Layya

Kawuna tsohon mai gyaran famfo ne, kuma har gobe komai na duniya bututu ne a wurinsa. In aure ya lalace, ya ce yoyo ne ba a tare da wuri ba. In yaro ya kasa karatu, ya ce kansa ne ya toshe. To gab da babbar Sallah sai ga shi yana haki daga gida zuwa masallaci, aka ce sai asibiti, ni ce 'yar rakiya. Bayan an yi hoto, likita ta ce jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini sun fara ƙandarewa, wani abu kamar alli yana taruwa a jikinsu. Ta rubuta magani, ta ce ban da kitse, ban da soye-soye, a rage gishiri, a yawaita ganye da kifi da tattaki. Kawu ya ture hula gaba, ya yi gyaran muryar nan tasa mai kama da tayar da tsohon janareto.

"Likita, kada ki wahalar da bakinki. Bututu ne ya yi tsatsa. Aikina ne. An ce akwai ƙwayoyin bitamin masu wanke shi tas?"

Ta ce, "Baba, bitamin ba ya kankare abin da ya riga ya taru. In ma za ka sha, kawo in gani tukuna. Babban maganin yana cikin kwanonka."

Duk bayanin nan, "za ka sha" kawai kunnen Kawu ya ɗauko zuwa gida. Sauran ni na kai wa matarsa, Inna Tabawa, har da yadda likitar ke kallon mutum ta saman tabarau.

Inna kuwa ba ta wasa da umarni. Tun daga ranar gidan ya koma lambu. Safe zogale, rana rama, dare miyar alayyafo wadda sai ka yi rantsuwa kafin a yarda an sa mata mai. Kawu ya buɗe kwano, ya leƙa, ya rufe a hankali kamar mai ta'aziyya.

"Tabawa, in kiwona kike yi ki faɗa mini, in nemo igiya."

Ranar layya aka yanka rago ƙosasshe, aka soye shi, ƙamshi ya cika unguwa. Kowa ya samu rabonsa, har maƙwabta. Na Kawu gasasshen kifi ne, babu ko yaji. Sauran naman Inna ta zuba a kwalla, kitse ya daskare a kai fari fat, ta kulle a kabad, ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Kawu ya yini yana zagaya kabad ɗin nan, wai yana duba ko gara ta shiga.

Washegari da hantsi ya fita. Da ya dawo, tun daga zaure muke jin aljihunsa yana kacau-kacau. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera robobin bitamin, ja da rawaya da wani mai warin kifi. Sannan ya zaro guntun tsohon bututu daga jakar aikinsa. Da na ga haka na ajiye wanke-wanke, don na san yau akwai darasi.

"Tabawa, zo ki zauna in ilmantar da ke."

Inna ta zauna tana tsinke zogale, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kin ga wannan? Shi ne jijiyata. In datti ya shiga nan," ya cusa yatsa, "ba rufe famfo ake yi mutanen gida su mutu da ƙishi ba. Magani ake zubawa, ruwa ya ci gaba da gudu." Ya hura bututun, fuuu, ƙura ta koma masa ido. Ya goge da hannun riga kamar ba a yi ba. "Saboda haka na fito da tsari. Tsoka ɗaya, ƙwaya ɗaya. Nama ya shiga, bitamin ya bi shi a baya yana shara. In da kitse ne, ƙwaya biyu."

"Malam, haka likitar ta ce?"

"Ita karanta bututu ta yi a takarda. Ni kuwa da hannuna na tsufa a cikinsa. Miƙo makullin."

"To in maganin naka bai ci ba, ya toshe gaba ɗaya fa?"

Kawu ya yi dariyar manya, ya dube ni don in zama shaida.

"Ji tambayar mata! Yo sai me? Toshewa ai ba sabon abu ba ne. A kirawo masu diga da shebur, a tona rami, a ciro tsohon, a sa sabo. Sau nawa na yi?"

Inna ta kaɗe zogalen da ke cinyarta, ta ƙara tamke bakin zani.

"Masu diga da shebur kam za su zo, Malam, ramin ma za a tona. Sai dai naka aikin sakawa kawai ake yi, babu cirowa."